Bindigar auna zafi gilas take gani: yadda ake auna infirared ɗin da gas ke fitarwa a cikin kwalba

Tambaya: "Assalamu alaikum. Ni malamin fiziks ne a wani lise a nan Zinder. A ɗakin gwajinmu akwai tsofaffin kwalaben gas guda huɗu, neyon da argon da hiliyom da haidurojin, tare da akwatin da ke ba su wuta. Na faɗa wa ƴan ajin ƙarshe cewa ban da launin da suke gani, gas ɗin yana fitar da infirared, sai wani ya ce in nuna masu. Na ɗauko bindigar auna zafi irin ta lokacin korona, na sa ta a ma'aunin zafin kaya, na auna kwalbar argon tana ci, ta nuna digiri 52. Da na kashe wutar, lambar ba ta sauka ba sai a hankali. Shin hasken gas ɗin ke nan na auna? In ba shi ba ne, da wane kaya ake auna shi, kuma ana iya haɗa shi da abin da ake samu a kasuwa?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Malam. Ɗalibin da ya ce a nuna masa ya yi daidai, kuma ana iya nuna masa da kayan da ba su wuce cikin tafin hannu ba. Tambayarka biyu ce: ko digiri 52 ɗin nan hasken argon ne, kuma in ba shi ba ne da me za a kama shi. Amsar ta farko tana cikin abin da ka lura da kanka, wato jan ƙafar da lambar ta yi bayan ka kashe wuta. Atam ɗin argon da wuta ta zabura yana sakin haskensa cikin ƴan gomiyoyin nanosakan, ko ƙiftawar ido ta fi wannan tsawo da ninki miliyoyi. Abin da yake ɗaukar mintoci yana hucewa gilas ne, da ƙarfen da ke bakunan kwalbar. Zafinsu ka auna.

Infirared uku a kwalba ɗaya

Sunan infirared ya rufe fili mai faɗi ƙwarai, kuma nan ake fara ruɗewa. Idon mutum yana tsayawa wajen tsawon zango na nanomita 700 zuwa 750. Daga nan infirared ya fara, tun William Herschel ya gano shi a 1800 da ya sa ma'aunin zafi gaba da jan launi, kuma yana miƙawa har ya wuce maikuromita 100 (maikuromita ɗaya nanomita 1000 ke nan). Bindigarka tana gani ne tsakanin maikuromita 8 zuwa 14, wasu daga 5.5. Gilas kuwa yana barin haske ya ratsa shi har wajen maikuromita 2.7, daga nan ya fara toshewa, in an wuce 5 ya zama bango. Ko da gas ɗin yana fitar da wani abu a zangon da bindiga ke gani, ba zai fito ba. Gilas mai digiri 52, wato kelbin 325, yana fitar da nasa hasken zafi, kuma in ka bi dokar Wien ka raba 2898 da 325 za ka ga ƙololuwarsa tana wajen maikuromita 8.9, daidai tsakiyar idon bindigar.

Hasken gas ɗin kansa wata hanya yake bi. Saboda matsin da ke cikin kwalbar kaɗan ne, ilektoron yana samun fili ya yi gudu kafin ya yi karo, ya tara ƙarfin da zai ɗaga atam ɗin argon zuwa mataki na wajen ilektoron-bolt 13. Daga can atam ɗin yana faɗowa zuwa mataki na wajen 11.5, kuma bambancin nan na 1.53 shi ke fita a matsayin haske. Raba 1240, lambar da ke mai da ilektoron-bolt zuwa nanomita, da 1.53, za ka samu kusan nanomita 811. Shi ya sa hasken gas yake zuwa layi-layi, kowane a zangonsa, yayin da hasken zafi yake shimfiɗe ba yankewa.

Cikin kwalabenka huɗu, argon ne ya fi dacewa da wannan darasi. Shuɗi-shuɗin nan mai dusashewa da ɗalibai ke gani ɗan kaɗan ne daga abin da yake fitarwa, ƙarfinsa na gaske yana can inda ido ya gaza: nanomita 750.4, 763.5, 801.5, 811.5, 842.5 da 912.3. Neyon akasin haka yake, yawancin ƙarfinsa yana cikin ja, kamar 640.2 da 703.2, sai wasu layuka marasa ƙarfi sosai irin su 837.8 da 849.5. Hiliyom yana da layi guda mai ƙarfi a 1083, wani kuma a 2058. Haidurojin shi ne zai ba ka kunya a gaban aji in ka fara da shi, domin manyan layukansa na infirared, waɗanda Friedrich Paschen ya gani a 1908, suna a 1875 da 1282, can gaba da inda kayan arha ke kaiwa.

Na ukun shi ne ƙarfen da ke bakunan kwalba. In ya yi zafi sosai yana fitar da haske shimfiɗaɗɗe da ke shigowa har zangon da za ka auna. Maganinsa sauƙi ne: a rufe bakunan da kwali, a bar siririn wuyan tsakiya kaɗai, inda hasken gas ya fi taruwa.

Idon da za a sa

Don layukan argon, fotodiyod na silikon, wato ƙaramin idon lantarki da ke mai da haske kuran, ya wadatar. Silikon yana gani daga wajen nanomita 400 zuwa 1100, ya fi kaifi wajen 900, inda wat ɗaya na haske ke ba da kusan ampiya 0.6. Wanda aka fi sani shi ne BPW34, ɗan murabba'i mai filin gani na milimita murabba'i 7.5. Akwai ɗan'uwansa mai baƙar riga, BPW34FA, wanda rigar tasa take tare hasken da ido ke gani, ka ga ya zo da matacinsa. In za a yi maka aike daga Yamai ko Kano, wannan za ka ce a sayo, guda uku ko huɗu.

Kafin ya iso, masu gyaran rediyo da talabijin suna da abin da zai yi aiki, amma a yi hattara da zaɓi. Ƙaramin ido mai ƙafa uku da ke gaban talabijin yana karɓar saƙon telekomand ba zai yi ba: an gina shi ya ji hasken da ke bugawa sau dubu 36 ko 38 a sakan kaɗai, kuma amsarsa "akwai" ko "babu" ce, ba ya faɗin yawa. Ɗan farantin hasken rana na kalkuleta shi ma ba zai yi ba, irin silikon ɗinsa yana makancewa kafin a kai 800. Gutsuren farantin sola mai shuɗi ko baƙi, irin na ƙananan fitilu, yana gani har 1100, sai dai yana da nauyin amsawa da yawan hayaniya. Diyod ɗin da ke bakin telekomand, mai fitar da haske a 940, in aka juya aikinsa yana zama ido, yana jin zangon da ya ɗan gaza nasa, kuma can ne layukan argon suke. Siginarsa ƙarama ce, amma ba ya ganin ja ko kaɗan, wannan kuwa babbar riba ce.

In idon naka farar riga gare shi, sai ka sa mataci a gabansa. Na masana'anta su ne gilasan RG780 da RG850, ko R72 na masu ɗaukar hoto, lambar tana nuna inda suke fara buɗewa. Na gida shi ne baƙar robar da ke gaban wasu telekomand, ko baƙin bakin tsohon fim ɗin hoto mai launi da aka wanke, ninki biyu. Kada a yarda da mataci don ya yi baƙi a ido. A gwada shi da jan haske mai ƙarfi, a ga ya tare, sannan da telekomand, a ga ya bari. Da neyon abin ya fi tsanani, domin ko kashi ɗaya cikin ɗari na jan haskensa ya ɓulla zai iya rinjayar infirared ɗin da kake nema. Gwajin da nake yi shi ne ƙara ninki na biyu: in ya rage siginar telekomand da kashi goma cikin ɗari amma ya rage ta neyon da rabi, to kusan rabin abin da kake karantawa ja ne ya zurara.

Haɗa ma'aunin

Kuran da fotodiyod ke bayarwa na nanoampiya ne, sai an mai da shi bolt. Ana iya haɗa ƙafafunsa kai tsaye da miltimetir a ma'aunin milibolt 200, a bar rezistans ɗin cikin na'urar ya yi aikin, amma hakan yana tafiya daidai ne kawai in lambar ba ta wuce ƴan gomiyoyin milibolt ba. Daga nan ninka haske ba ya ninka lamba.

Hanyar da ta dace ita ce amfili guda, wato ƴar na'urar ƙara ƙarfin sigina. A samu TL071 ko TL081, suna cikin tsofaffin kayan sauti. Batir biyu masu bolt 9 a jere, mahaɗarsu ita ce ƙasa, kan mai ƙari zuwa ƙafa ta 7, kan mai ragi zuwa ƙafa ta 4. Ƙafa ta 3 zuwa ƙasa. Katod ɗin fotodiyod zuwa ƙafa ta 2, anod ɗinsa zuwa ƙasa. Tsakanin ƙafa ta 2 da ta 6 a sa rezistans mai megom 10, a ɗora masa kondansater a gefe, sannan miltimetir tsakanin ƙafa ta 6 da ƙasa. Da wannan haɗi, nanoampiya 1 yana ba da milibolt 10. Girman kondansater ya danganta da abin da kake so: nanofarad 10 yana lafar da sigina cikin kashi ɗaya bisa goma na sakan, lamba ta tsaya cak don karantawa, fikofarad 10 kuwa yana barin amfilin ya bi canji har wajen sau 1600 a sakan, don kallo a osiloskof. Kada a sa 741 ko LM358 don su ne a hannu. Kuran da 741 ke ja ta ƙafar shigarsa, wajen nanoampiya 80, in ya bi ta megom 10 yana ba da kusan bolt 0.8 a cikin duhu ƙirin.

Ga lissafin da zai nuna maka abin da za ka sa rai. A ce wuyan kwalbar yana fitar da miliwat 1 na infirared ta kowace fuska. A nisan santimita 10 wannan ya bazu a kan santimita murabba'i 1257, wato maikurowat 0.8 a kowane. Filin BPW34 zai kama nanowat 60, ya ba da wajen nanoampiya 33, miltimetir ya nuna kusan bolt 0.33. Ka ga ba a bukatar matsar da ido kusa da wutar akwatin mai bolt dubu biyar. Santimita 10 zuwa 15 ya isa, kuma ya fi aminci.

Dukan haɗin ya shiga cikin gwangwanin madara mai murfi, a haɗa jikin gwangwanin da ƙasan amfilin da dalma, a huda rami ɗaya daidai fuskar ido. A bakin ramin a lanƙaya ƴar ragar ƙarfe irin ta tagar sauro, ta taɓa gwangwanin sosai, sannan bututun kwali mai tsawon yatsa don kada haske ya shigo ta gefe. Cikin bututun a shafa baƙin tukunya da aka dama da ɗan ƙaro. Baƙin yadi da baƙar tawada da yawa fari suke a idon infirared, baƙin hayaƙi kuwa yana shanye shi da gaske. Amma lantarki yana bi ta cikinsa, kada ya kusanci kwalbar ko wayoyinta.

Abin da ke ɓata awo

Babban maƙaryaci a wannan aiki shi ne akwatin wutar. Ƙafa ta 2 da megom 10 a bayanta kamar eriya take, tana jin bolt dubu biyar ta iska, sai lamba ta hau daidai lokacin da ka kunna kwalba, ta sauka da ka kashe, kowa ya ce ga infirared. Don haka kowane awo sau uku ake karanta shi: kwalba a kashe, kwalba a kunne an tare haske, kwalba a kunne an buɗe. Bambancin na biyu da na uku shi ne haske. Abin tarewar ya zama katako ko kwali mai kauri ninki biyu. In ka tare da farantin ƙarfe, ka tare haske ka kuma tare filin lantarkin tare, sai ka ɗauka duka haske ne. In ka tare da baƙar leda, infirared zai iya ratsa ta. Idan karatu na ɗaya da na biyu sun bambanta da yawa, a gyara gwangwani, a gajarta ƙafafun fotodiyod, a sa waya mai sulke zuwa miltimetir, a raba ta da wayoyin akwatin.

Na biyu rana ce. Kusan rabin ƙarfin hasken rana infirared ne, kuma labule ba ya tare shi yadda yake tare haske a ido. Kwalba da ido duka su shiga babban kwali mai rufi, ko a yi gwajin bayan magariba. Fitilun LED na fari ba su da infirared sosai, don haka ana iya barin ɗaya nesa don ɗalibai su ga allon na'urar. Ampul mai zaren ƙarfe da doguwar ampul ta gas a kashe su.

Na uku zafin garinmu. Alkaluman da ke takardar kayan nan an ɗauke su ne a digiri 25. Kuran da TL071 ke zubarwa, wajen fikoampiya 65, yana ninkuwa duk ƙarin digiri 10, haka ma kuran duhu na fotodiyod. A ɗaki mai digiri 45 a watan Afrilu ko Mayu ya zama ninki huɗu, wato milibolt biyu zuwa uku da ke yawo yayin da ɗaki ke ɗumama. Ga sigina mai milibolt 300 ba kome ba ne, ga layi guda mai rauni kuwa shi ne duka awon. A kunna amfili minti goma kafin a fara, a maimaita karatun duhu kafin kowane awo da bayansa. Ƙurar hunturu da laimar Agusta suna yin wata ɓarnar: in suka haɗu a kan allon haɗi suna buɗe wa kuran hanyar gefe. A goge wajen ƙafa ta 2 da alkol, a bar shi ya bushe, kada a ƙara taɓa shi da yatsa.

Na huɗu kwalbar kanta. Irin waɗannan na makaranta suna cin wajen miliampiya 10, kuma ƙa'idarsu sakan 30 a kunne, sakan 30 a kashe. Haskensu yana canzawa yayin da suke ɗumama, yana kuma bin hawa da saukar wutar gari. A karanta lamba a lokaci guda kullum, misali sakan 15 bayan kunnawa, a maimaita sau biyar.

Raba gas da zafi ta hanyar lokaci

A zangon silikon gilas mai digiri 52 ba ya fitar da abin a zo a gani, shi ya sa na ce a fara nan. Amma hujjar da za ta gamsar da ɗalibinka ita ce lokaci. Ajiye bindigar da gwangwanin gefe da gefe, su kalli kwalba ɗaya, ka kashe wuta. Miltimetir zai faɗi nan take, bindiga ta ci gaba da nuna 50 da wani abu. In akwai osiloskof, sa ƙaramin kondansater ɗin. Idan akwatin wutar taransifo ne da ke bin wutar gari mai bugu 50 a sakan, za ka ga hasken yana tashi yana mutuwa sau 100 a sakan, abin da gilas mai zafi ba zai taɓa iyawa ba. Idan akwatin na zamani ne mai bugu dubbai, amfilin zai nuna matsakaici kawai.

Masu wannan aiki a manyan ɗakunan gwaji da wannan dabara suke ciro sigina daga cikin hayaniya. Suna sa hasken ya riƙa yankewa a wani bugu da suka zaɓa, su saurari wannan bugun kaɗai. Kai ma kana iyawa da faifan kwali mai ramuka a kan ƙaramin injin fanka, da mashigar makirfon ta kwamfuta, da manhaja irin Audacity mai nuna ƙarfin kowane bugu. A zaɓi bugun da bai faɗa kan 50 ko ninkinsa ba, misali wajen 130. Sai dai a san bambancin hanyoyin biyu. Faifai mai juyawa yana yanke duk abin da ke bayansa, gas da gilas da ƙarfe, amma ba ya yanke hayaniyar lantarki, don haka yana kawar da ita. Yanke wutar kwalbar kuwa yana ware gas daga zafi, amma hayaniyar lantarki tana zuwa a bugu ɗaya da hasken. Kowace tana maganin ciwo ɗaya.

Ganin layukan ɗaya-ɗaya

Gwangwani yana ba da jimillar duk layukan da suka ratsa mataci. Don a rarrabe su sai rezo, wato fuska mai siraran layuka a jere da ke baza haske zango-zango, kuma faifan CD yana yi, tazarar layukansa nanomita 1600 ce. In haske ya faɗa masa a tsaye, layin 763.5 yana fita a kusurwar digiri 28.5, na 811.5 a 30.5, na 912.3 a 34.8, na hiliyom 1083 a 42.6. DVD ba zai yi ba in hasken a tsaye ya zo, domin tazararsa 740 ce, ta gaza zangon da ake nema. Ido a nan shi ne ƴar kamarar kwamfuta da aka kwance gilashinta aka cire ɗan murabba'in nan mai ƙyallin ja da kore, shi ne ke tare infirared. Wuyan kwalbar siriri ne, in an ja da baya kamar mita ɗaya shi kansa ya zama tsaga. A kashe daidaita haske na kai-da-kai a manhajar kamarar, in ba haka ba kowane hoto da nasa ma'auni, kuma a sake daidaita gani, domin infirared ba ya taruwa daidai inda hasken ido ke taruwa.

Akwai tarko a nan da ya kama mutane da yawa. Rezo yana maimaita kowane launi a zagaye na biyu, a wurin ninki biyun zangonsa. Argon yana da layukan shuɗi a 415.9 da 420.1, zagayensu na biyu yana sauka a 831.8 da 840.2, kusan kan layukan gaske na 840.8 da 842.5. In babu mataci a gaban kamarar, shuɗi za ka ɗauka ka kira shi infirared.

Wannan haɗi zai kuma gaya maka lafiyar tsofaffin kwalabenka. Idan ka ga layi a 777 da 845 a cikin kwalbar hiliyom ko neyon, na oksijin ne. In kuma faffaɗan zanen naitirojin sun bayyana wajen 870 zuwa 890, iska ta shiga kwalbar.

Doguwar ampul da muke kira neyon, wadda a gaskiya argon ne da tururin zaiba a cikinta, tana ba da wani gwaji mai kyau ba tare da bolt dubbai ba. In tana da sanyi, zaibar ba ta tashi ba, argon ne ke ɗaukar wutar, layukansa na 750 zuwa 920 suna da ƙarfi. Da ta ɗumama, matsin tururin zaiba yana hawa daga wajen faskal 0.17 a digiri 20 zuwa wajen 0.8 a digiri 40, sai layukan argon su dusashe cikin mintoci, layin zaiba na 1014 ya ƙarfafa. A bazara ba za ka ga wannan sosai ba, tunda ampul ɗin ta riga ta kai digiri 40 kafin a kunna ta. Gwajin asubar Janairu ne. A rufe bakunanta biyu da kwali saboda zaren da ke ciki yana da zafi, kuma a tabbatar ta gas ce, domin dogayen LED da suka cika kasuwa kamarsu ɗaya daga waje.

Iyakar wannan kaya

Abin da za ka samu da aminci shi ne kwatanci: argon da neyon, mataci da babu mataci, kusa da nesa. Mai da lamba zuwa wat yana bukatar sanin kaifin idon a kowane zango, da abin da mataci ya ci, da siffar wuyan kwalbar, kuma kurakuran nan suna taruwa. Ana iya gyara kaifin idon da ƙwan mota mai bolt 12 da zaren tungistan, wanda in rezistans ɗinsa ya kai kusan ninki 15 na lokacin da yake sanyi, zafinsa ya kai wajen kelbin 2800, a lissafa haskensa da dokar Planck. Wannan zai daidaita tsawon layuka da juna, ba zai mai da gwangwani ma'aunin masana'anta ba. Layin hiliyom na 1083 yana kan gaɓar da silikon ke makancewa, inda kaifinsa ya ragu ƙwarai kuma yake canzawa da zafin ɗaki, don haka ganin sa kawai za a yi, kada a rubuta masa adadi.

Gas ɗin ma yana cin nasa hasken. Matakin da argon ke faɗawa bayan ya saki 811.5 mataki ne da atam ke daɗewa a kansa, don haka kwalbar cike take da atam masu iya sake shanye wannan layin kafin ya fita. Shi ya sa kallon kwalba ta tsawonta ba ya ninka 811.5 yadda lissafi ya ce, kuma ninka kuran ba ya ninka shi. Layin 750.4 bai cika wannan hali ba, shi aka fi dogara da shi in ana son bin ƙarfin wutar.

Gaba da 1100 sai wani ido. Fotodiyod na InGaAs yana kaiwa 1700, zai kama 1282 na haidurojin da amfilin nan dai. Idon da aka yi da PbS yana kaiwa wajen maikuromita 3, zai kama 1875 da 2058, amma dole sai da faifai mai juyawa. Gaba da nan gilas ya rufe ƙofa, sai an gina kwalba mai taga ta safaya ko kalsiyom fuloraid. Can ne molekul ke haske da rawar jikinsu, kabon dayoksaid a maikuromita 4.3, kabon monoksaid wajen 4.7. Can kuma kome na ɗakin yana haske: bango mai digiri 40 yana fitar da wajen miliwat 54 daga kowane santimita murabba'i, iskar ɗakin kuma tana shanye 4.3 a hanya. Aikin jami'a ne mai bukatar famfon zuƙe iska da ma'aunin matsi na gaske, ban ba da shawarar a fara shi a lise ba.

In ka ji sha'awar gina kwalbarka wata rana, kada ka kusanci taransifon na'urar ɗumama abinci ta maikurowef. Bolt dubu biyu yake bayarwa da kuran da ke kisa nan take. Akwatin makarantar an gina shi ya taƙaita kuran, amma shi ma a cire shi daga bango kafin a canza kwalba, a jira wuyan ya huce, a kama ta ta gefen da ya yi kauri. Ranar nunawa ka fara da telekomand a gaban gwangwani, ɗalibai su ga lamba tana tsalle ba tare da sun ga haske ba, sannan ka sa kwalbar argon, ka ba wanda ya yi tambayar katakon tarewa ya riƙa sawa yana cirewa da hannunsa, nesa da bakunan kwalbar, wani kuma yana rubuta lambobin uku a allo.